Kun Aike Ni Na Rufe Bakin Rifkatu Kan Man Jariran Kifi

Zuwa ga Manajan Darakta,
Kamfanin ƙyanƙyasa da renon kifin teku da nake yi wa aiki,
Bakin ruwa, bayan Jebel Ali, Dubai.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali, da mahaifiyarka da na ji an ce ƙafa ta dame ta a sanyin nan. Allah ya ƙara mata sauƙi.

Sunana Isiyaku, mutumin Yawuri ta Nijeriya. Ni ne tsohon nan mai farar hula da ke kwaso ma'aikata a bas daga Al Qusais da Al Warsan da safe, ya mayar da su da yamma, a tsakani kuma ya riƙe makullin sito. Kai Haji kake ce mini, ma'aikata kuma Baba Yawuri.

Na san ba ka jin Hausa, ban da "sannu" da ka koya don ka faranta mini rai. Duk da haka da Hausa na rubuta, saboda da Hausa na yi ɓarnar da ta sa nake rubutun. Abdul-Mumin mai tsaron ƙofa, ɗan Zangon Kumasi, ya yi alkawarin juya maka wasiƙar nan zuwa Turanci, na kuma roƙe shi kada ya ƙara gishiri, kada ya tausaya mini ya rage. Na bar ta a buɗe don mutanenmu na nan su karanta, tunda maganar ta riga ta shiga gidajensu a karkace.

Kada in yi ta zagaye irin namu na tsofaffi, ga abin da ke tafe da ni. Kamfani ya ba Rifkatu, ma'aikaciyar da ke kula da ɗakin abincin jariran kifi, takardar sallama. An ce sakacinta ne ya kashe ƙyanƙyasar bana, kuma a ƙarshen watan nan za a soke bizarta ta koma gida. Gidajen ƙyanƙyasa a yankin nan ba su da yawa, kuma masu su sun san juna. Wanda ya fita daga ɗaya da sunan mai sakaci ba zai sake leƙa tanki a wani ba. Ina da hannu a yadda aka kawo nan. Kai ma kana da shi, ranka ya daɗe, kuma zan faɗi nawa da naka.

Na farko: yadda aikin yake.

Wannan ka fi ni saninsa, amma 'yan uwana masu kargo da masu gadi da za su karanta ba su sani ba, ni ma da ban sani ba.

Jaririn subaiti, kifin tekun da muke ƙyanƙyashewa a gidan nan, ran da ya fito daga ƙwai, bai kai rabin gashin ido ba. Za ka dubi tanki ka rantse ruwa ne zalla, sai ka sa farin ƙoƙo ka ɗebo, ka ga ɗigo biyu baƙaƙe suna yawo tare. Idanunsa ke nan, sauran jikin kamar gilashi. Bakinsa ba ya ɗaukar garin abinci, kuma ba ya kula abin da ba ya motsi. Shi ya sa ake kiwon wasu ƙananan halittu da ake kira rotifa, waɗanda sai da madubin likita ake ganinsu sosai, a zuba masa ya farauta. Su rotifan nan, yadda Rifkatu ta kwatanta mini, buhu ne kawai mai iyo. Abin da ka cika su da shi, shi za su kai cikin kifi. Don haka kafin a zuba su a tanki sai an bar su na wasu awanni a cikin mai da aka kaɗa da ruwa ya yi fari kamar nono, su sha su ƙoshi.

To a man nan zancen yake. A cikin man kifin teku akwai wani maiƙo da take kira da haruffa uku, DHA, wanda da shi ake gina ido da ƙwaƙwalwar jariri. Kifin kogi irin su karfasa, in ka ba shi man tsiro, jikinsa na iya juya wani abu daga ciki ya zama wannan maiƙo. Na teku, balle yana jariri, abin da ya iya juyawa bai isa ya riƙe shi ba. Sai an miƙa masa a haɗe.

Duk wannan bayani daga baya na zauna na saurare shi. Ran da aka fara yi mini shi ban bari an kai ƙarshe ba.

Na biyu: yadda aka canja mai.

Kafin shigowar sanyi, lokacin da iyayen kifi ke shirin zuba ƙwai, man kifi ya yi tsada a kasuwa. Ban ga laifin kamfani da ya nemi sauƙi ba. Wani dillali mai ƙamshin turare da "habibi" a kowace jimla ya yi ta zarya ofishin shugaban sashen reno, har aka amince da wani sabon haɗi wanda mafi yawansa man waken suya ne. Hujjarsa ita ce manyan kifinku na kejin teku suna cin abinci mai man tsiro a ciki, kuma suna ƙiba. Wannan gaskiya ne, da idona na gani.

Ni na je Jebel Ali na ɗauko jarkokin, ni na jera su a ɗakin sanyi. Kuma bari in faɗa maka abin kunya: murna na yi. Tsohon man yana da ƙarni irin na bakin kogin garinmu ran kasuwa. In ɗigo ɗaya ya taɓa rigarka, har masallaci sai na kusa da kai ya matsa. Sabon kuwa ba ƙarni ko kaɗan, ka ce ka ɗora kasko ka soya ƙosai. Na ce a raina Allah ya yi wa dillalin nan albarka, ya raba ni da wanki.

A taron safe Rifkatu ta tashi ta ce ba ta yarda a sa dukan jariran bana a kan man da ba a gwada ba. Ta ce abin da babban kifi ya jure ba lalle jariri ya jure ba. Ba ta ce a mayar da jarkokin ba. Ta roƙi a ware 'yan tankuna kaɗan a ba su sabon, sauran a bar su kan tsohon, a gani. Shugaban sashe ya ce sauran tsohon man ba zai kai ko'ina ba, kuma an riga an gama magana. Ta sake faɗa. Ta sake faɗa a taron washegari, da murya ƙasa-ƙasa, amma a gaban kowa. Wannan ne ya ɓata masa rai, ya kawo maka ƙara.

Na uku: aiken da kuka yi mini.

Tunda na fara aiki a gidan nan ban taɓa zama a kujerar ofishinka ba sai ranar. Ka sa aka kawo gahawa da dabino. Ka tambayi lafiyar iyalina, ka ce ka lura duk 'yan Nijeriya da 'yan Gana na gidan nan maganata suke ji. Sannan ka ce tunda yarinyar nan ta ɗauke ni uba, in yi mata magana shuwayya-shuwayya, wato a hankali, ta daina tayar da taro, halas, magana ta ƙare. Na fito ina jin kaina kamar an naɗa ni sarauta.

Akwai abin da ya kamata ka sani game da ni da Rifkatu. 'Yar Kafanchan ce, Kirista, ta yi karatun kiwon kifi a gida ta kuma yi aiki a wata ƙasa kafin ta zo nan. Makon da ta iso, mahaifinta, tsohon hedimasta ne, ya nemi lambata ya kira ni. Ba mu taɓa ganin juna ba. Ya ce ya ji akwai dattijon gida a wurin aikin, to ga 'yata nan, amana ce ya ba ni. A wurinmu in uba ya faɗi haka, ya miƙa maka bakinsa ke nan. Abin da ka ce, shi ya ce. Ita kuma haka ta ɗauke ni. Ba ta shiga bas ba tare da ta rusuna ta gaishe ni ba. Da azumi, ita da ba ta yi, takan dama kunun gyaɗa a filat ɗinsu ta miƙo mini a fulas da yamma, ta ce kada Baba ya sha ruwa da lemon gwangwani kamar wanda ba shi da kowa.

Na same ta da rana a bayan ɗakin rotifa, tana wanke matata. Na ce ta zauna. Na fara da abin da muka iya, wato tuna mata cewa ƙasar mutane muke, kuma biza a hannun mai gida take. Ta ce ta sani, Baba, amma jariran ba za su rayu ba, ko in sun rayu ba za su yi ƙwari ba. Ta fara zancen ido da ƙwaƙwalwa. A nan na katse ta.

Ranka ya daɗe, ni ɗan masunta ne. A bakin kogi aka yanke mini cibiya. Na ce mata tun kafin a haifi babanta nake cin kifi. Na ce a garinmu tarwaɗa tana cin dusa, tana cin hanjin kaji, tana cin abin da ba zan faɗa a gaban mace ba, kuma ta yi ƙiba har sai mutum biyu sun ɗaga ta. Na ce wane kifi ne zai zo yana zaɓen mai kamar amarya? Ta ce, a hankali, na teku ba kamar na kogi ba ne. Na ce kifi kifi ne, ruwa ruwa ne, bambancin gishiri ne kawai. Har dariya na yi. Sannan na ɗauko abin da na san ba ta da maganinsa. Na ce in babanta ya ji an koro ta saboda jayayya da manya a gaban jama'a, da wane ido zan dube shi?

Ta dubi matatar da ke hannunta. Ta ce, "To, Baba."

Daga ranar ba ta sake ɗaga maganar a taro ba. Ta karɓi jarkokin daga hannuna, ta auna, ta kaɗa, ta ciyar, kamar yadda aka umarta.

Ina so ka fahimci wannan "to" ɗin, don a kansa aka rataye ta. A wurinmu in 'ya ta ce wa uba "to", ba ta ce ya yi gaskiya ba. Ta ce dai ba za ta kunyata shi ba. Kara ce ta yi mini. Duk Bahaushen da ke karanta wannan ya san haka, ni ma na sani tun ina yaro. Amma na dawo ofishinka na ce maka an gama, ta gane. Ka ce "mashallah, Haji", ka dafa kafaɗata.

Na huɗu: abin da ya faru a tankuna.

Da farko komai lafiya. Ƙwai ya fashe da kyau, jarirai suka buɗe baki, suka fara ci. Na riƙa tsokanarta a bas, ina cewa yaya 'ya'yanki masu zaɓen mai, na ji sun haƙura da na ƙosai? Mutane su yi dariya, ita ma ta yi murmushi ta dubi taga. 

Sai wata rana na shiga kai mata kaya na tarar ta sunkuya kan tanki, ta daɗe ba ta ɗago ba. Ta ce in zo in gani. Ta ɗebo a farin ƙoƙo. Jaririn zai lanƙwashe jiki ya kai cafka, ya wuce ta gefen abincin. Ya sake, ya sake wucewa. Ta ce ba sa gani sosai. Ba ta ce mini "na faɗa maka" ba. Ta kai wa shugaban sashe rahoto, ya ce ta ƙara yawan rotifa ta ƙara haske, ta yi.

Babbar ɓarnar ta zo ne ran da za a mayar da su manyan tankuna. Wannan aiki ne da ake yi kowace shekara, a ɗebe su a hankali a bokiti a kai gaba, kaɗan su mutu, sauran su warware. Bana ana taɓa ruwan sai suka riƙa suma. Ka ga jariri ya yi wani juyi, ya sandare, ya gangara ƙasa kamar tsaki a ƙasan ƙwarya. Bokiti bayan bokiti. Aka tsaya, aka canja ruwa, aka sake gwadawa a wani tankin, haka. Waɗanda suka tsira, da suka ɗan tasa, da yawa bayansu a karkace yake, ba mai sayensu.

Ni aka ba gawar in kai inda ake zubarwa. Na zo da mota, ina zaton kaya ne mai yawa. Ashe aikin shekara guda na gidan nan, da duk injinan da ke kuka dare da rana, da duk mutanen da nake kwasowa, bai cika 'yan bokitai ba. Da hannu ɗaya na ɗauki kowanne.

Na biyar: zaman da aka yi kafin a ba ta takarda.

A nan laifina ya fi girma, kuma a nan nake da ƙorafi a kanka.

Aka zauna, kai da shugaban sashe da ita, aka kira ni. Ta ce tun farko ta nuna shakka kan man. Shugaban sashe ya ce ta yi magana sau ɗaya ko biyu, amma da aka yi mata bayani ta gamsu ta janye, kuma tunda ita ce mai sanin ɗakin, da ba ta gamsu ba da ba ta ci gaba ba. Ya ce matsalar daga tsabtar rotifanta ne. Sai ka juyo ka tambaye ni, ta yarda ko ba ta yarda ba?

Na ce, "Ta ce to."

Ban yi ƙarya ba. Ko a gaban alƙali zan iya rantsuwa haka ta ce. Amma na san abin da kuka ji ba shi ta faɗa ba, na kuma bar ku da shi. Ta ɗago ta dube ni, sannan ta mayar da kai ƙasa. Tana iya cewa tsohon nan ne ya ɗaure mini baki da sunan mahaifina. Ba ta ce ba. Kara ta sake yi mini, a gabanku, aikinta yana fita daga hannunta.

Me ya sa na yi haka? Tsoro ne, ba wani abu ba. Na zo garin nan ina harkar kargo a Deira, ina loda wa 'yan kasuwar Kano da Yamai kwantena. Shekarar da kasuwa ta faɗi, gine-gine suka tsaya cak, abokan cinikina suka ɗauke ƙafa, na zauna ba aiki da furfura a gemu. Kai ka ɗauke ni lokacin da kowa ke neman matasa. Ban manta ba, kuma ba zan manta ba. Sai dai godiyar nan ta daɗe a cikina har ta koma tsoro ban lura ba.

Ƙorafina kuwa shi ne, ranka ya daɗe, ka san mu daidai yadda za ka yi aiki da mu. Ka gane cewa in furfura ta yi magana, namu suna yin shiru. Ran da na'urar sanyi ta lalace a masaukin Al Warsan tsakiyar zafi, ni aka aika in ba da haƙuri. Ran da aka ɗage wa mutane hutu, ni. Ina ta jin daɗi wai ana girmama ni. Kakata ta sha ba mu tatsuniya a tsakar gida, kuma a cikinsu ba a rasa wani ɗan aike da sarki zai tura da saƙo mai ɗaci, ya tafi yana taƙama da rigar da aka ba shi. Muna yara shi muke yi wa dariya. Ban san ina girma ne in zama shi ba. Haƙurin zafi da na hutu, wannan tsakaninmu ne, mun sha mun wuce. Amma maganar Rifkatu ba ta haƙuri ba ce. Magana ce ta sani, ta aikin da kuka ɗauke ta dominsa kuke biyanta. Tambaya ce da ya kamata tanki ya amsa, sai kuka aiko direba.

Na shida: abin da ban sani ba.

Ba zan sake yin kuskuren da na yi ba, in yanke hukunci kan abin da ban karanta ba. Ban ce na tabbata man ne ya kashe su ba. Ita kanta Rifkatu, da na je na zauna na ce ta yi mini bayanin da na katse, ta ce alamun sun yi kama da ƙarancin wancan maiƙon, amma jariran kifi na mutuwa da abubuwa da yawa: ruwa, ƙwan kansa, ƙwayar cuta. Ta ce har ɗakinta ma a bincika, ba ta tsoro. Ta kuma ce neman abin da zai maye man kifi ba wauta ba ce, don teku ba za ta yi ta bayarwa har abada ba, kuma akwai wani mai da ake samu daga gansakukar ruwa wanda yake ɗauke da maiƙon. Kalma ɗaya mara daɗi ba ta faɗa a kan kamfani ba. Ni ne dai na kasa haɗa ido da ita.

To in ita da ta karanta ba ta tabbata ba, shugaban sashe ta yaya ya tabbata? Ba a kai man ɗakin gwaji ba. Ba a kai rotifan ba. Dillalin bai sake takowa ba, ba kuma wanda ya neme shi. An dubi ɗakin, an ga wadda ba za ta ɗaga murya ba, an ce ita ce.

Roƙona.

Ina roƙo a dakatar da soke bizar Rifkatu har a bincika. Sauran jarkokin suna nan a ɗakin sanyi, wasu ko buɗe su ba a yi ba. A kai su wurin masu gwaji na waje, waɗanda ba su da aboki a gidan nan, su faɗi abin da ke ciki.

Iyayen kifi ba su gama zuba ƙwai ba. A yi gwajin da ta roƙa tun farko: wasu tankuna kan man kifi, wasu kan sabon, ruwa ɗaya, hannu ɗaya. In an ga dama a sa wani ya tsaya a kanta yana kallo. In duka suka mutu, to a duba wani wajen. In na sabon kaɗai suka suma, an sami amsa.

In kuma kamfani ya riga ya yanke ba zai riƙe ta ba ko me gwaji ya nuna, wannan ikonka ne, amma a cire kalmar sakaci daga takardarta. A rubuta cewa ta yi gargaɗi a taro, kuma an sa ta yi shiru. Ina shirye in faɗi wannan a gaban duk wanda ka kira, da Hausa, da guntun Larabcina, da guntun Turancina. Amsar da na ba ka a zaman nan na janye ta. Ba ta yarda ba. Ba ta taɓa yarda ba.

Sannan ina roƙo, daga yau, kada a sake aika ni wurin kowa. Zan tuƙa bas, zan riƙe sito, in har an bar ni bayan wannan wasiƙa. In ma'aikaci yana da magana kan aikinsa, a saurare shi a ofis, a amsa masa da hujja. 'Yan uwana dattawa da ke wasu kamfanoni, waɗanda ake kira a ba su gahawa, ku ma kun ji.

Mutanenmu na Al Qusais da ke cewa 'yar Kafanchan ta kashe wa Larabawa kifi, ku daina. Ku ce Baba Yawuri, in lalle sai kun kira suna.

Abu na ƙarshe. Duk ma'aikacin da aka sallama a gidan nan, direba ne ke kai shi filin jirgi, kuma direban ni ne. Jiya da yamma, da za ta sauka daga bas, Rifkatu ta jira kowa ya fita. Ta ce ta fara haɗa kaya, akwatin ya yi mata nauyi, kuma ba ta so a haɗa ta da baƙon direba. Ta ce, "Baba, kai za ka kai ni, ko?" Ba gatse a muryarta, na saurara da kyau, na so in ji gatsen ban ji ba. Na ce mata ta bari tukuna. Ta ce to.

Ban ba ta amsa ba, ranka ya daɗe, don amsar ba a hannuna take ba. Tana kan teburinka, kuma watan ya kusa ƙarewa.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka lafiya da zuri'a mai albarka. Allah ya mayar wa kamfani abin da ya yi asara, ya raya ƙwan da ke tafe. Allah ya haɗa ka da masu faɗa maka gaskiya, ya kuma ba ka kunnen jinta tun daga bakin mai ita, ba sai ta biyo ta hannun irina ba. Ni kuma ya yafe mini.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Isiyaku, direba kuma mai riƙon sito,
Al Warsan, Dubai.